Gebul, Kudurru da Horos: Tsofaffin Kalmomin Shari'a a kan Dutsen Iyaka

An umarci Isra'ilawa, idan sun haye Urdun, kabila shida su tsaya a Dutsen Gerizim, shida a Dutsen Ebal, Lawiyawa kuma su ta da murya su furta la'ana goma sha biyu, jama'a suna amsawa da amin. La'ana ta fari ta mai yin gunki ce. Ta biyu ta mai wulakanta mahaifinsa ko mahaifiyarsa ce. Ta uku kuwa ta wanda ya ci iyakar maƙwabcinsa ce (Maimaitawar Shari'a 27:17). Kusan duk shekarar da muka zo wurin nan a aji, sai an sami ɗalibin da ya tambayi yadda aka yi maganar kunya ɗaya ko biyu ta gona ta riga maganar kisankai a jerin. Wanda ya tashi a ƙauye ba ya yin wannan tambaya. Ya ga 'yan uwa ciki ɗaya sun shekara talatin ba sa ga maciji a kan taku uku na ƙasa.

In mun duba jerin da kyau, za mu ga yawancin laifofin da ke cikinsa irin waɗanda ake yi ba mai gani ne. Aya ta 15 da ta 24 ma sun ambaci ɓoyo a fili. Laifin da alƙali ba zai iya kamawa ba, shi aka miƙa wa la'ana. Cin iyaka irinsa ne, da asuba ake yinsa, ko lokacin da mai gona yake kwance ba lafiya. Al'ummai na dā duk sun san wannan, kowace kuma ta ƙago kalmominta na shari'a domin tsare iyaka. Bari mu bi kalmomin nan, mu fara da na Ibrananci.

Gebul

Kalmar da aka fassara mana da iyaka ita ce gebul, tana kuma fitowa fiye da sau 200 a Tsohon Alkawari. Tana nufin layin da ya raba ƙasa biyu, tana kuma nufin ƙasar da ke cikin layin. Masana da dama suna danganta ta da kalmar Larabci jabal, wato dutse ko tsauni, da yake tsaunuka su ne iyakoki na farko da mutane suka sani.

Ga wani abin lura. A ayoyi shida da suka yi maganar kawar da iyaka, wato Maimaitawar Shari'a 19:14 da 27:17, Karin Magana 22:28 da 23:10, Ayuba 24:2, da Yusha'u 5:10, babu kalmar dutse a Ibrananci ko sau ɗaya. Dutse a Ibrananci eben ne, ba ta kuwa nan. Masu fassara ne suka ƙara dutse ko alama domin mai karatu ya gane. Ba su yi kuskure ba, gama abin da ake iya matsarwa ake nufi, ƙasar Kan'ana kuwa cike take da duwatsu, manomi yakan tsince su daga gonarsa ya tara a gefe. Amma abin da dokar take tsarewa iyakar ce, ba dutsen ba. Wanda ya bar dutse a mazauninsa ya bi da garma ta bayansa, da wanda bai taɓa zuwa gonar ba amma ya sa aka canja awo a takarda, dukansu dokar ta hau kansu.

Aikatau ɗin da ke tafiya tare da gebul a ayoyin nan shi ne hissig, daga tushen da ke nufin ja da baya. Ba tumɓukewa a yar ake nufi ba, turawa ce kaɗan kaɗan. A nan Hausa ta dace da Ibrananci ƙwarai. Mukan ce wane ya ci iyaka, cin kuwa irin na gara ne. Bana kunya ɗaya, baɗi kunya ɗaya, kafin marayu su girma an cinye musu kwata.

Me ya sa iyakar take da nauyi haka? Maimaitawar Shari'a 19:14 ta ce rishonim ne suka kafa ta, wato mutanen farko, a cikin nahala, wato gādo. Karin Magana kuma ta kira ta gebul olam, iyaka ta tun dā. A bayan wannan akwai labarin rabon ƙasa. Bisa ga Littafin Ƙidaya 26:52-56, yawan mutanen kabila shi ke nuna girman rabonta, amma inda rabon zai faɗa, goral ce ke nunawa, wato ƙuri'a. A Joshuwa 18 an aiki mutum uku uku daga kabilun da suka rage, suka zaga ƙasar, suka rubuta fasalinta kashi bakwai a littafi, sa'an nan Joshuwa ya jefa ƙuri'a a Shilo a gaban Ubangiji. Abin awo shi ne hebel, igiya, har kalmar ta zama sunan rabon kansa. Igiyar nan ce mai Zabura yake murna da inda ta faɗa masa a Zabura 16:6. Ita ce kuma Mika ya ce masu ƙwace gonaki ba za su sami mai ja musu ita ba a taron jama'ar Ubangiji (Mika 2:1-5). Tun da ƙuri'a a gaban Allah aka jefa ta, wanda ya matsar da iyaka yana gyara wa Allah rabo ke nan.

Littafin Firistoci 25 ya kai maganar ƙarshenta. Ƙasar ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne a cikinta, saboda haka ba a sayar da ita har abada. Abin da mai saye yake biya kuɗin yawan girbin da ya rage ne kafin shekara ta hamsin. Wannan ya fi kusa da jinginar gona da muka sani, sai dai a jingina sai an mai da kuɗi gona ke komawa, a shekara ta hamsin kuwa tana komawa ko ba a biya ko anini ba.

Mu dubi kuma inda aka ajiye dokar a Maimaitawar Shari'a 19. Ayoyi 1 zuwa 13 suna maganar zub da jini da biranen mafaka. Ayoyi 15 zuwa 21 suna maganar shaidu, da hukuncin mai shaidar zur. Aya ɗaya tak ta iyaka tana tsakaninsu, kamar wadda ta ɓata hanya. Wanda ya karanta 1 Sarakuna 21 ba zai ce ta ɓata hanya ba. Nabot ya ƙi sayar wa Ahab gonar inabinsa a Yezreyel domin nahala ce ta kakanninsa. Yezebel ta sa aka yi shelar azumi, aka kawo shaidun zur biyu, daidai adadin da doka ta nema, aka jajjefe shi. 2 Sarakuna 9:26 ta nuna har da jinin 'ya'yansa, wato magada. Jini, gona, shaidar zur: abubuwa ukun da ke jere a sura ɗaya ta doka, su ne suka haɗu a labari ɗaya. Ba wanda ya taɓa dutse a gonar Nabot.

Kalma ɗaya ta rage, go'el, ɗan'uwa na kusa wanda hakkinsa ne ya fanshi gonar dangi, kamar Bo'aza a littafin Rut, ko Irmiya da ya sayi gonar Hanamel a Anatot. Maraya shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa. Karin Magana 23:10-11 ta gargaɗi mai shiga gonar marayu cewa suna da go'el mai ƙarfi wanda zai ɗauki shari'arsu, 15:25 kuma ta ce Ubangiji da kansa yake kafa iyakar gwauruwa. Wannan yaren kotu ne, ba na ta'aziyya kaɗai ba.

Inda dutsen ya fito a fili

Akwai wuraren da aka ambaci dutsen da sunansa. A kan iyakar Yahuza da Biliyaminu akwai eben Bohan, dutsen Bohan ɗan Ra'ubainu (Joshuwa 15:6 da 18:17). An yi amfani da shi wajen bayyana iyakar kabilu biyu, alamar kowa ya san shi a zamanin.

Wanda ya fi ba da haske shi ne na Farawa 31. Yakubu ya kafa dutse a tsaye, matseba, aka kuma tsiba duwatsu, gal. Laban ya sa wa tsibin suna da harshensa na Aram, Yegar Sahaduta, Yakubu kuwa ya kira shi Galeyed da Ibrananci. Ma'anar ɗaya ce, tsibin shaida. Waɗannan su ne kaɗai kalmomin harshen Aram a littattafan Musa biyar, sun kuwa shigo ne domin kowane ɓangare yana so a ji yarjejeniyar da bakinsa. Sharaɗin yana aya ta 52: kada ɗayansu ya ƙetare tsibin da nufin cutar ɗayan. Suna na uku shi ne Mizfa, wurin tsaro. A wasu ikkilisiyoyinmu akan rufe taro da maganar Mizfa kamar albarka ce ta masoya masu rabuwa. Ba mu ce a daina ba, amma mai hidima ya san asalinta. Suruki ne da mijin 'ya'yansa, waɗanda suka shekara ashirin suna yi wa juna wayo, ba wanda ya amince da wani, shi ya sa suka kira Allah ya sa ido.

Daga baya Yahudawa suka sami wata kalma, tehum. A shekara ta 1874 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Charles Clermont-Ganneau, ya ga rubutu a kan fā kusa da kangon Gezer. Da haruffan Ibrananci an rubuta tehum Gezer, iyakar Gezer, da Helenanci kuma sunan wani mutum, Alkiyos. An ci gaba da samun irinsu kewaye da garin, har aka sami na 13 a shekara ta 2012. An sassaƙa su ne a jikin fā, inda ba mai iya ɗagawa, da harsuna biyu kamar na Yakubu da Laban. Tehum ɗin nan ita ce malaman Yahudawa suka yi amfani da ita ga iyakar tafiyar Asabar, kamu 2,000 daga gari, wadda Luka ya auna nisan Dutsen Zaitun da ita a Ayyukan Manzanni 1:12.

Kudurru na Babila

A Babila kalmar ita ce kudurru. Mun riga mun san ta ba mu sani ba, gama tana cikin sunan Nebukadnezzar, wanda a harshensu Nabu-kudurri-usur ne. Masana na dā sun fassara shi da roƙo ga gunki Nabu ya tsare iyaka. Yanzu an fi karɓar cewa roƙo ne ya tsare magaji, domin kudurru tana ɗauke da ma'anonin biyu, iyaka da kuma ɗan fari.

Duwatsun da ake kira da wannan suna sun fara yawa a zamanin sarakunan Kassawa, wajen ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu, aka ci gaba da yinsu har ƙarni na 7. An san wajen 160. Yawancinsu ba su kai mita ɗaya ba, an goge su sumul. A jikinsu akwai bayanin gonar da sarki ya bayar ko aka yi shari'a a kanta, da girmanta, da maƙwabtanta ta fuskoki huɗu, da sunayen shaidu. A sama an zana alamun gumaka: jinjirin wata na Sin, faifan rana na Shamash, tauraron Ishtar, karen Gula. Na farko da ya isa Turai wani masanin tsirrai ne, André Michaux, ya samo shi kusa da Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 18. Da aka iya karanta rubutun, sai aka tarar gona ce wani uba ya ba 'yarsa lokacin aurenta, wajen shekara 1100 kafin haihuwar Almasihu. Da yawa kuma a Shushan aka haƙo su, birnin da muka sani daga littafin Esta, inda Elamawa suka kwashe su ganima.

An daɗe ana zaton a gonaki aka kafa su, har L. W. King ya buga tarinsu a 1912 da sunan duwatsun iyaka. Amma ba su nuna alamar dukan rana da ruwan sama ba, waɗanda aka samu a mazauninsu kuma a haikali aka same su. A 2003 Kathryn Slanski ta nuna cewa rubutun da ke jikinsu yakan kira su naru, wato dutsen tuni. Ashe ba alamar bakin gona ba ne, takardar mallaka ce ta dutse da aka ajiye a gaban gumaka.

La'anonin da ke ƙarshensu sun cancanci a dakata a kansu. Sukan lissafta dabarun mai ƙwace: ya jefa dutsen a kogi, ya binne shi, ya ƙone shi, ya kankare rubutun. Sa'an nan su ƙara da wanda, saboda tsoron la'anar, zai aiki wawa, ko kurma, ko makaho ya yi masa aikin. Marubutan nan sun san halin manya. Bambancinsu da Isra'ila a nan yake. A Babila wanda ya sami kyautar sarki ne yake da dutse mai la'ana. A Ebal kuwa an ɗora la'anar a kan iyakar kowane maƙwabci, dukan jama'a kuma suka ce amin.

Masar ma tana da nata. A zamanin dā ambaliyar Nilu takan shafe alamun gonaki kowace shekara, sai a sake awo da igiya. Koyarwar Amenemofe, wadda aka buga a 1923, tana da sura talatin, ta shida kuma tana gargaɗi a kan matsar da alamar gona da cin iyakar gwauruwa. A 1924 Adolf Erman ya nuna kamanninta da Karin Magana 22:17 zuwa 23:11. Kada wannan ya tayar wa ɗalibi hankali. Masarawa sun san laifin, amma Karin Magana ce ta ce Mai Fansar Isra'ila shi zai shiga shari'ar.

Horos da terminus

Helenawa suna cewa horos. A kasuwar Atina an tono wani dutse na wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu wanda rubutunsa yake magana da bakinsa, yana shaida cewa shi ne iyakar kasuwar. Horos kuma yana nufin dutsen da ake kafawa a gonar da aka jinginar, domin kowa ya san akwai bashi a kanta. Solon, wanda ya yi wa Atina gyaran doka wajen shekara 594, ya yi alfahari da tumɓuke irin waɗannan duwatsu. Ashe akwai dutsen da cire shi adalci ne, abin da zai tuna mana da shekara ta hamsin.

Wannan kalma ta shafe mu ƙwarai, domin kalmomin da suka fito daga gare ta suna nan a Sabon Alkawari. Da Bulus ya tsaya a Atina ya ce Allah ne ya yanka wa al'ummai iyakokin mazauninsu, kalmar da ya yi amfani da ita horotesiya ce, kafa dutsen iyaka (Ayyukan Manzanni 17:26). Aforizo, keɓewa, ita ce ta keɓe Barnaba da Shawulu a Antakiya. Pro'orizo, wadda muke fassarawa da ƙaddarawa a Romawa 8:29-30 da Afisawa 1:5, asalinta shata iyaka tun da wuri. Bayanin bangaskiya na majalisar Kalsidon ta shekara 451 ma horos aka kira shi. Sai dai mu yi hattara, asalin kalma ba shi ne ma'anarta a kowace aya ba. Yana ba da hoto, amma ba ya yanke gardamar ƙaddara.

Romawa suna cewa terminus, har suka mai da shi gunki mai idi ranar 23 ga Fabrairu, inda maƙwabta biyu sukan haɗu a kan dutsensu su yi hadaya. Wata doka da suke dangantawa da sarki Numa ta ce wanda ya tone dutsen iyaka da garma, shi da shanunsa sun zama sacer, wato an sallama su ga gunki, wanda ya kashe shi ba shi da laifi. Dokokinsu na Alluna Goma Sha Biyu sun bar fili ƙafa biyar tsakanin gonaki wanda ba mai mallakarsa ta wurin daɗewa a kai. A tarin dokokin Justiniyan na shekara 533 akwai babi guda a kan laifin terminus motus, dutsen da aka gusar. A ciki sarki Hadriyan ya bambanta hukunci. Babban mutum da ya yi domin ya ci ƙasar wani, a kore shi daga gari. Wanda aka aika, a yi masa bulala da aikin dole na shekara biyu. Wanda ya ɗauki dutsen cikin rashin sani, bulala ta isa. Masu awonsu kuma sukan binne gawayi, toka, da sakaina a ƙarƙashin dutsen, domin ko an matsar da shi, in aka tona, ƙasa ta ba da shaida.

A mumbari da bakin gona

Tun dā aka fara ba ayoyin nan ma'ana ta misali. Mutanen Kumran sun kira abokan gābarsu masu kawar da iyaka. Malaman Yahudawa na baya suka faɗaɗa hassagat gebul har ta haɗa da shiga sana'ar wani a kashe masa kasuwa. A wurinmu kuwa, mun sha jin an ɗauki Karin Magana 22:28 a yi wa'azi a kan kada a canja littafin waƙoƙi ko tsarin sujada. A ganinmu wannan ya yi sauƙi da yawa. Mai wa'azi yakan hau da ayar ya tsauta wa matasa a kan ganga, alhali a kujerar gaba akwai dattijon da ya cinye gonar matar ƙanensa marigayi, shi ma yana gyaɗa kai.

Iyakokinmu na gargajiya ba duwatsu ba ne galibi. Gamba ce, ko dashi, ko bini-da-zugu, ko wata tsamiya da kowa ya sani, ko burtali. Sa'an nan turakun siminti na masu safiyo suka zo, da dokar ƙasa ta 1978 wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Yanzu shaida iri biyu ce ke karo, ta tsofaffi da ta takarda. In rikicin ya haɗa da maƙwabci Musulmi, yana da amfani mai hidima ya san cewa a hadisi ma an la'anci mai canja alamar ƙasa, ba sai an fara gardama a kan ko laifi ne ba.

Shekarun baya an kira mu sulhu a wata ikkilisiya ta karkara. Ana gina katanga kewaye da filin da wani dattijo ya bayar tun yana da rai. Matarsa gwauruwa ta ce katangar ta shiga gonar gyaɗarta. Kwamiti ya fito da takardar safiyo mai hatimi, ita kuwa ba ta da kome sai bakinta. Wani tsoho da ke wurin ran da aka bayar da filin ya ce dashi aka dasa a lokacin, ya nemi a kawo fartanya. Aka tona inda ya nuna, taku shida a cikin katangar, sai ga kututturan dashi a jere. Ba wanda ya yi ƙarya a takardar. Mai awo ya auna inda aka nuna masa ne, bayan an shekara goma ana share fili ana matsawa domin taron Kirsimati. Kwamitin ya yarda a mai da katangar baya, ko da yake mutum biyu daga cikinsu sun yi watanni ba su zo sujada ba. Harsashin da aka riga aka zuba yana nan a cikin gyaɗarta, tana noma tana kewaye shi.